Yogar kwanciya da ciwon baya: muhawarar 'yan zauren Kabi

Maman Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku taimaka min. Ciwon baya ya sa ni gaba, daga kwankwaso yake, in na daɗe kan keken ɗinki sai na dafa bango nake iya miƙewa. Ƙanwata da ke aiki Abuja ta turo min bidiyon wasu mata, kowacce kwance kan shimfiɗa an tattare ta da filo da bargo, babu mai motsi, wai wata irin yoga ce ta hutar da jiki. Har da tallan cewa ana kwasar mutane a kai su bayan gari su kwana biyu suna yin wannan a ƙarƙashin itatuwa. Tambayata biyu ce: yana magani ko cin kuɗi ne kawai, sannan ya halatta ga Musulma?

Bashar Kabu-kabu: Wa alaikumus salam Anti. Wato a biya kuɗi a je a kwanta? In dai kwanciya ce su zo Makerar Gandu in koya musu kyauta 😂

Kawu Ɗan-Augie: Ɗiyata, Allah shi ba ki lafiya. Mu da munka tashi cikin fadama, tun daga dashen shinkafa har yanka a duƙe muke, wanga ciwo abokin zamanmu ne. In baya ya ɗaure sai a kira wanzami ya yi ƙaho, a shafa man zafi, mutum ya kwanta kwana biyu ukku bai taɓa komai ba. Ban taɓa jin wanda ya tahi Indiya neman maganin kwankwaso ba.

Anti Rabi Fisiyo: Wa alaikumus salam. Maman Walida sannu, Allah ya sawwaƙe. Kafin mu je ga yoga bari in tambaye ki abin da nake tambayar duk wanda ya shigo ɗakin gashi wurinmu. Ciwon yana sauka har cikin ƙafa? Ƙafar tana mutuwa ko tana ja da ke in kina tafiya? Fitsari ko bayan gida yana kufce miki, ko fitsarin yana ƙin fita? Kina jin tsakanin cinyoyinki ya mutu kamar an yi miki allurar kashe zafi? Akwai zazzaɓi, zufar dare, ko rama ba dalili? Kin faɗi ko kin yi hatsari kafin ya fara?

Maman Walida: Babu ko ɗaya Anti, alhamdu lillahi. Riƙewa ce kawai da nauyi, ya fi tsanani da yamma, musamman lokacin ɗinkin salla.

Anti Rabi Fisiyo: To madalla. Na jera su ne don sauran masu karantawa. Duk wanda ya ga fitsari ya kufce masa tare da mutuwar tsakanin cinyoyi, wannan ba maganar filo ba ce, asibiti zai nufa a ranar, domin jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne, jinkiri kuma yana iya barin mutum da lahani har abada. Mai zufar dare da rama a duba shi ko tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, shi ne ke jawo ƙusumbi in an bar shi, kuma maganinsa kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka. Mai sikila shi ma nasa daban ne.

Irin na Maman Walida shi ne na yawancin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon ƙasan baya ba a iya nuna wata cuta guda a ce ita ce ta jawo shi. Kuma ba namu ba ne mu kaɗai, ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 619 ke fama da shi a duniya.

Abin da kika gani a bidiyo asalinsa daga wani malamin yoga ne a garin Pune na Indiya, B.K.S. Iyengar, wanda ya rasu a 2014. Ya riƙa amfani da bargo da matashi da kujera don ɗalibansa marasa lafiya su iya zama a wani yanayi ba tare da sun yi ƙarfi ba. Wata ɗalibarsa 'yar Amurka, Judith Lasater, wadda ita ma aikin gashi ta karanta, ita ta yaɗa shi a can. Manufar ita ce a tallafe kowace gaɓa yadda tsoka ba ta da abin riƙewa, mutum ya zauna haka minti biyar zuwa goma sha biyar yana jan numfashi a hankali, har tsokar da ta ɗaure ta saki.

Bashar Kabu-kabu: Ashe dai gaskiyata, kwanciya ce.

Anti Rabi Fisiyo: Kwanciya ce ta minti goma, Bashar, sannan a tashi. Nan ne na saɓa da Kawu, a gafarce ni. Kwanciyar kwana uku ita muke hana mutane yanzu. Da can likitoci ma haka suke cewa, a kwanta a kan abu mai tauri har ya warke, amma bincike ya yi ta nuna cewa wanda ya ci gaba da ɗan zirga-zirgarsa ya fi saurin samun sauƙi a kan wanda ya lafe a gado. Ƙaho kuma ban hana ba, sai dai a tabbatar askar sabuwa ce ba a yi wa wani da ita ba, saboda ciwon hanta.

Kawu Ɗan-Augie: To Likita, in tambaye ki. In motsi ne magani, mi ya sa manomi ya hi kowa ciwon baya? Wa ya kai mu motsi? Tun asuba muna gona, mu ɗauki injin ban ruwa, mu ɗauki buhun taki, mu yi bugu, mu yi dako. Ku na ofis ku yi ta motsinku, mu hutu muke nema.

Malam Lawal Sakatariya: Wallahi Kawu ya kawo magana. Ina jiran amsa.

Anti Rabi Fisiyo: Kawu ya yi gaskiya, kuma amsar tana cikin maganarsa. Baya ba ya son a bar shi a yanayi guda na tsawon awoyi, ko zama ne ko duƙo. Mai dashe ya duƙa tun safe har azahar, hannu ne ke aiki amma kwankwason yana nan a lanƙwashe wuri ɗaya. Ita ma Maman Walida ƙafarta na taka keke amma bayan yana sunkuye. Don haka ba abu ɗaya zan ba ku ba. Kawu, kai wannan kwanciyar da Bashar ke yi wa dariya ita ta fi dacewa da kai in ka dawo gida da yamma. A gona kuma, duk bayan ɗan lokaci ka miƙe tsaye, ka dafa ƙugu da hannu biyu, ka ɗan gantsare baya a hankali sau biyar ko shida, sannan ka koma. Buhun taki kilo 50 ne, a rungume shi kusa da jiki, kada a ɗauke shi ana juyawa gefe. Injin ban ruwa mutum biyu ko baro. Malam Lawal kuma da ke kan kujera daga takwas zuwa huɗu, in na ce ya dawo gida ya ƙara kwanciya na cuce shi, shi tafiya zai yi.

Kawu Ɗan-Augie: Lebura da anka biya kuɗin yini, kina ganin mai gona zai bari shina tsayawa shina gantsarewa? Sai ya ce wasa ya zo yi.

Inna Yauri: Kawu ai kai ne mai gonar, sai ka fara barin naka su tsaya.

Abu Sumayya: Jama'a kun tsallake tambaya ta biyu, kuma ita ce babba. Yoga ibadar Hindu ce. Akwai jerin motsin da ake yi na gaisuwa ga rana, akwai kalmomin da suke rerawa suna kiran abin bautarsu. Ta yaya za a ce wa matar aure Musulma ta shiga wannan saboda ciwon baya? Allah ya ba mu salla, akwai tsayuwa, akwai ruku'u, akwai sujada, sau biyar a rana. Wanda ya tsayar da ita yadda ya kamata me zai nema wurin masu bautar gumaka?

Nura Malesiya: Malam Abu Sumayya, a nan inda nake karatu an yi wannan rigimar tun tuni. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yoga, dalilinta kuwa shi ne haɗa motsin da rera kalmomin ibada da neman haɗewa da abin bauta. Hayaniya ta tashi, har firaministan lokacin, Abdullah Badawi, ya ce wanda zai yi don lafiyar jiki ba tare da waɗancan kalmomi ba yana iya ci gaba. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta raba abin: mai ɗauke da ibadar Hindu haramun, wanda motsa jiki ne zalla babu laifi. Saudiyya kuma tun 2017 ta sa koyar da yoga cikin harkokin wasanni da ake ba lasisi.

Abu Sumayya: Abin da gwamnati ta ba lasisi ba hujja ba ne a shari'a, ko ta wace ƙasa ce.

Ustaz na Jega: Wannan gaskiya ne Abu Sumayya, lasisi ba dalili ba ne. Amma mu bi abin a hankali. Asalin al'amuran duniya halal ne har sai an sami abin da ya haramta su, neman magani kuma an yi umarni da shi. Gaisuwar rana da rera sunayen abin bautarsu, wannan babu mai jayayya, Musulmi ya nisance shi, kuma kada ya zauna a ajin da ake yi. To amma mace ta kwanta a ɗakinta ta ɗora ƙafafunta kan kujera ta ja numfashi, mene ne na Hindu a ciki? Da likitar nan ta rubuta mata shi a takarda a asibiti ba wanda zai ɗaga murya. Abin da zan ce wa 'yar'uwa shi ne kada ta bi bidiyon da ba ta san abin da ake faɗa a ciki ba, ta karɓi motsin daga hannun wanda ya san aikin jiki.

Sannan ina jan hankalinka kan mayar da salla motsa jiki. Salla ibada ce, ba don kwankwaso aka farlanta ta ba. Da ita kaɗai ce maganin, da ba mu ga limamai da mahaddata suna salla a kan kujera ba. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya kai kukan rashin lafiyarsa, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Hadisin yana cikin Buhari.

Abu Sumayya: Allah ya saka da alheri Ustaz. Ni dai tsorona ƙofa ce. Yau filo, gobe an ce rufe ido ka kira wani abu. Na ga wani zaman da suke yi, mutum ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, sak sujada. Wa ake yi wa?

Ustaz na Jega: Sujada tana da niyya. Mai neman allurar da ta faɗi ƙarƙashin gado ma goshinsa na kusa da ƙasa. Amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bar wannan ɗin, ai ba shi kaɗai ba ne.

Anti Rabi Fisiyo: Ni ma ba na ba tsofaffi shi, saboda gwiwa. Ustaz ina da tambaya tawa. Akwai motsin da muke ba wasu masu ciwon da ke sauka ƙafa, tsarin wani mai aikin gashi ɗan ƙasar New Zealand, Robin McKenzie. Mutum zai yi rub da ciki ya ɗago ƙirji da gwiwar hannu. Sau da yawa dattawa sai su ƙi, su ce an hana kwanciyar rub da ciki.

Ustaz na Jega: Akwai hadisi kan hakan, kuma malamai sun ɗauke shi a kan karhanci ga wanda ya mayar da ita kwanciyarsa ba tare da dalili ba. Mai lalura da aka ce ya yi na 'yan mintuna don magani ba ya ciki. Ki gaya musu haka.

Maman Walida: Na gode Ustaz, hankalina ya kwanta. Anti Rabi to yaya zan yi shi? Ba ni da irin dogayen filon nan nasu.

Anti Rabi Fisiyo: Ba kya buƙatarsu. Ki shimfiɗa bargo kan tabarma ko darduma mai kauri. Ki kwanta rigingine kusa da kujerar falo ko bakin gado, ki ɗora ƙafafunki a kai daga gwiwa zuwa dunduniya, yadda cinya za ta miƙe sama. Ki ninke zani ki sa ƙarƙashin kai, kada ya yi tudu. Hannuwa a gefe. Ki shaƙi iska ta hanci har ki ji cikinki ya ɗago, ki sake ta a hankali, fitar ta fi shigar tsawo. Minti goma. Waya a nesa, yara a wurin babansu. In za ki tashi kada ki zabura, ki mirgina gefe ki tura da hannu. Da dare kuma in kina kwanciyar gefe ki sa filo tsakanin gwiwoyi.

Amma ban so ki tsaya nan. Akwai wani tsarin da wani Ba'amurke, Thomas Hanna, ya fitar bayan ya koyi aikin wani malamin motsa jiki, Moshe Feldenkrais. Shi ba a jan tsoka da ƙarfi. Ana ɗan ƙara ɗaure ta da gangan, sannan a sake ta sannu a hankali ana lura da yadda take saki, irin miƙar da kyanwa ke yi in ta tashi daga barci. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. In kin shaƙi iska ki ɗan gantsare ƙasan bayanki ya rabu da tabarma kaɗan, in kina fitarwa ki sauke shi a hankali har ya manne. Sau takwas zuwa goma, ba gaggawa. Daga nan ki karkatar da gwiwoyin biyu dama, ki dawo, ki kai hagu, iya inda ba zafi. In wani motsi ya sa ciwo ya harba cikin ƙafa, ki bar shi ki zo a duba ki.

Inna Yauri: Rabi ki ƙara da masu ciki. Na yi shekaru ina karɓar haihuwa, cikin da ya tsufa ba a barin shi rigingine na dogon lokaci, yana danne babbar jijiyar jini, sai jiri. Su kwanta gefen hagu da filo tsakanin ƙafa. Sannan mata mu faɗa wa kanmu gaskiya, rabin ciwon nan a tsakar gida muke samo shi. Shara da guntuwar tsintsiya, wanki da baho a ƙasa, wanke-wanke a duƙe, ga goyo. Ku ɗora bahon kan benci ko ku kifa turmi ku aza shi, ku ɗaura wa tsintsiya sanda. Surukata ta ce ƙyuya ce, yanzu ita ke aron tawa.

Malam Lawal Sakatariya: Likita ni matsalata ta wuce nan. Na je har Sakkwato an yi min hoton MRI, aka ce faifan da ke tsakanin ƙashin bayana ya bultso, kuma ƙashin ya fara cinyewa. Tun ranar ban ƙara sunkuyawa ba, ko takalmi yaro ke sa min. Na sayi bel ɗin nan mai faɗi ina ɗaurawa kullum. Yanzu ki ce in yi ta gantsarewa, in abin ya ƙarasa fita fa?

Anti Rabi Fisiyo: Malam Lawal, ba zan yi maka hukunci ban ga takardarka ban kuma gwada ƙafarka ba, ka kawo min ita. Amma ga abin da ya kamata ka sani. A 2015 an tattara hotunan mutanen da ba sa jin ciwon komai a bayansu. A cikin 'yan shekara 20, kashi 30 cikin 100 faifansu ya bultso. A cikin 'yan shekara 80, kashi 84. Lafiyarsu ƙalau, ba su ma san da shi ba. Don haka ganin abu a hoto ba ya nufin shi ne ke ciwo, kuma faifan ba sulalla ba ne da zai zame ya faɗo, a ɗinke yake da ƙashin sama da na ƙasa. Mutumin da ya daina sunkuyawa gaba ɗaya tsokarsa ke ƙara ƙagewa, tsoron kansa yana ƙara ciwon. Bel kuma, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon baya mai daɗewa ta sa shi cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar a yi ba, tare da jan baya da na'ura da ƙwayoyi dangin tiramadol.

Malam Lawal Sakatariya: Naira dubu nawa na zuba a bel ɗin nan, Allah ya isa.

Bashar Kabu-kabu: Tunda an ambaci ƙwaya, mu dai masu babur haɗi muke sha. Ka je kemis ka ce na ciwon jiki, a ƙulla maka guda huɗu ko biyar a leda, kafin ka kai bakin tasha ka warware.

Mai Kemis Gesse: Kada a shafa mana baƙin jini duka. Ni ba na ba da tiramadol sai da takardar likita. Amma mutum zai zo ya ce yana da lodin shinkafa gobe, ka ce masa ya je ya ɗora ƙafa kan kujera? Gaba zai yi wurin wani.

Inna Yauri: Ɗana, ba tiramadol kaɗai ba ne abin tsoro. A cikin ƙullin nan za ka ga diclofenac da ibuprofen da piroxicam a haɗe, alhali aikinsu iri ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara komai sai cin ciki da lalata ƙoda. Wasu su jefa dexamethasone a ciki, mutum ya ji garau, bayan watanni fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Na ga masu aman jini a gadon asibiti da ba abin da ya kai su sai wannan. Guda ɗaya, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki, mai gyambon ciki ko hawan jini ko ciwon ƙoda kuma sai ya tambayi likita. Bashar kana ji na?

Bashar Kabu-kabu: Ina ji Inna. Na yi shiru ne.

Nura Malesiya: Anti Rabi, don adalci, yogar nan an taɓa gwada ta a bincike ko dai labari ne?

Anti Rabi Fisiyo: An gwada. Wanda na fi so shi ne na birnin Boston a Amurka da aka buga a 2017, saboda yawancin mutanen cikinsa masu ƙaramin ƙarfi ne, ba masu kuɗin zuwa shaƙatawa ba. Mutum 320, aka raba su uku: wasu yoga, wasu gashi irin namu, wasu aka ba su littafi su karanta. Bayan mako 12 'yan yoga ba su gaza 'yan gashi ba. Amma ku lura da abu biyu. Yogar da aka yi musu mai motsi ce a hankali, ba kwanciya zalla ba. Sannan sauƙin matsakaici ne, ba wai an tashi an warke ba. Da aka tattara bincike da dama a 2022 ma abin da ya fito shi ne ta fi zama ba a yin komai, amma ba ta fi sauran motsa jiki ba. Wato Abu Sumayya in ya ƙi ta ya kama wani motsin, bai yi asarar komai ba.

Abu Sumayya: Alhamdu lillahi, wannan nake son ji.

Maman Walida: To batun fita bayan gari fa? Ƙanwata ta nace in zo Abuja mu je tare, kuɗin kuwa ya kai na sabon keken ɗinki.

Malam Lawal Sakatariya: Me zai kai ki Abuja? Ga Argungu nan kusa, bakin Matan Fada in ba lokacin bikin kamun kifi ba shiru ne, ga ruwa ga iska. Turawa har Rishikesh suke zuwa bakin kogi a Indiya don wannan, mu ga namu a banza. A haɗa mota biyu a je a yini, a biya ta gidan tarihi na Kanta.

Hajiya Gusau: Ku dai kuna da baki. Mu nan wa zai ce a kwashi mata a kai su ƙarƙashin itace a bayan gari su rufe ido? Gonakinmu ma na nesa mun bar su. Kuma ku ma Kabi ba ko'ina ba, ku tambayi mutanen Danko Wasagu, ku tuna yadda aka sace 'yan makarantar Birnin Yauri a 2021. Kada wani ya ga talla ya ɗauki iyalinsa ya nufi daji.

Kawu Ɗan-Augie: Hajiya ta hwaɗi gaskiya, mu ma yankinmu sai addu'a. Kuma Malam Lawal, bakin gulbi da ka gani a hoto daban, na kwanciya daban. Sauro na nan, da damina ga ambaliya, watan Afrilu kuwa zafi ya wuce 40, wa zai kwanta waje?

Anti Rabi Fisiyo: Ko da lafiya lau ake ba zan ce ki sayar da keke ki tafi ba. Duk wanda aka ɗauke wa girki da ɗinki da hayaniyar yara na kwana biyu, ya yi barci ya ƙoshi, dole ya ji sauƙi, domin rashin barci da damuwa suna ƙara ciwon baya. Matsalar ita ce ranar da kika dawo kujerar nan tana jiranki. Ga kuma zaman mota daga Birnin Kabi zuwa Abuja, shi kaɗai ya isa ya tayar da ciwon. Abin da ke da amfani a fitar shi ne tafiyar ƙasa, kuma wannan ba sai an je daji ba. A 2024 an buga wani bincike daga Ostareliya, mutum 701 da suka warke daga ciwon baya. Waɗanda aka ɗora kan tsarin tafiya da ɗan bayani sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki, sauran kuwa kwana 112. Tafiya ce kawai, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai kamar rabin awa, kwana biyar a mako.

Bashar Kabu-kabu: Anti kina so ki kashe mana kasuwa ke nan, kowa ya koma tafiya da ƙafa.

Inna Yauri: Maza suna da filin wasa na Haliru Abdu da bakin titi bayan asuba. Mata fa? Matar aure ta fito tana zagaye unguwa ba ta ɗauke da komai, kafin ta dawo an kai wa mijinta labari. Ni shawarata a nemi harabar wata Islamiyya mai katanga, ranar da babu karatu, mata zalla, mai koyarwa mace. A zagaya fili, sannan kowacce ta shimfiɗa tabarmarta a inuwa a yi abin da Rabi ta faɗa.

Abu Sumayya: In mata zalla ne, da izinin mazajensu, ba kiɗa, ba ɗaukar hoto, ba ni da ta cewa. Hoton nan musamman, kada a wayi gari a ga matan mutane a TikTok.

Hajiya Gusau: Wannan ko mu za mu iya yi a cikin gari. Rabi in kun fara ki yi mana bayanin da murya ki turo, da yawa cikin matanmu ba sa karatun boko.

Anti Rabi Fisiyo: Zan yi in sha Allah, amma da sharaɗi. Duk wadda za ta shiga sai na yi mata tambayoyin da na yi wa Maman Walida tukuna, kuma mai hawan jini ko hawan ruwan ido ta faɗa min, don akwai kwanciyar da ake jingina ƙafa sama a bango, ba zan ba su ita ba. Ba zan karɓi fiye da mutum goma sha biyu a zama ɗaya ba, in sun fi haka ba na iya ganin wadda ke yi ba daidai ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, Inna da Maman Walida su nemo wurin su sanar da mu. Malam Lawal ka kai wa Likita takardarka. Masu turo tallan maganin basir a tsakiyar magana kuma na goge, wanda ya sake zan fitar da shi.

Kawu Ɗan-Augie: Ni ba ni da kujerar falo a ƙauye. Buhun shinkafa cikakke zai yi wurin aza ƙafar?

Anti Rabi Fisiyo: Zai yi Kawu, in ka kwantar da shi. In bai kai tsayin cinyarka ba ka ninka bargo a kai.